Da Sunan Wa Yaronmu Yake Rubutu a Waya?



Ba mu za a koya wa darajar suna ba. Tun da aka kafa Sabo a nan Badun a 1916, suna ne ya riƙe kasuwancin Bahaushe a Kurmi. Mutum yana zaune a Potiskum ko Mubi zai loda shanu ya turo wa maigidansa, mahauci ya ɗauka bashi, a ce sai ya sayar ya kawo kuɗi. Mai shanun bai san mahaucin ba, ko yarensa ba ya ji. Abin da ya sani shi ne maigidan da ya tsaya a tsakani. Haka goro ya yi ta hawa Arewa daga Shagamu, haka albasa da tumatir da tattasai suke saukowa har yau. Wanda sunansa ya ɓaci a kara, ko da kuɗi a aljihunsa, tasa ta ƙare. Wanda sunansa ke da kyau kuwa, ko ya karye, ba ya rasa mai ɗaga shi.

To, yanzu Allah Ya kawo mu zamanin da 'ya'yanmu ke shiga Jami'ar Ibadan da Foli da sauran manyan makarantu, wasu kuma an mai da su gida, Zariya ko Kano ko Sakkwato. Alhamdu lillahi, abin da kakanninsu ba su samu ba ke nan. Kowannensu da waya a hannu, a cikin wayar kuma yana da rumfarsa: Facebook, TikTok, X, ga sitatus na WhatsApp. Kullum sai ya baje kaya. Idan aka yi masa magana kan abin da ya rubuta, amsar ita ce, "Baba, shafina ne fa, ra'ayina ne." Kada mu kori wannan magana da tsawa, mu tsaya mu dube ta. Da gaske nasa ne shi kaɗai?

Ta wata fuska yana da gaskiya. Baligi ne, kuma addini ya koya mana cewa ranar hisabi kowa kayansa zai ɗauka, ba a kama uba da laifin ɗa. Mu ma ba mu biya kuɗin makaranta don ya dawo mana bebe ba. Yaron da zai ga zalunci ya kasa cewa uffan, karatun bai amfane shi ba. Amma hisabin Allah daban, hisabin mutane daban. A Kano idan Bahaushe ya yi wauta, cewa za a yi wane ya yi wauta. A nan kuwa "Hausa" ne suka yi. Haka Bayarabe ko Ibo da ke Sabon Garin Kano yake ɗauke da sunan mutanensa duka, ya so ko bai so ba. Wannan ba adalci ba ne, amma haka zaman baƙunta yake ko'ina.

Ba sai mun tuna wa kowa Shasha ba. A Fabrairun 2021, cacar baki ce tsakanin mutum biyu uku a bakin shago, aka rasa rai ɗaya, kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Waɗanda rumfunansu suka ƙone, yawancinsu ba su ma san yadda aka fara ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san nauyin kalma ɗaya a garin da ba naka ba. Yanzu a ce ɗalibi yana kwance a ɗakin kwanansa na makaranta, wani ya zagi Hausawa a ƙarƙashin wani labari, zuciya ta ɗebe shi ya rama, ya haɗa da kabilar mutumin gaba ɗaya, da sarakunansu da kakanninsu. Shi a ganinsa ya kare mutuncin Arewa. Wani ya ɗauki hoton rubutun, ga suna, ga fuska, ga inda ya rubuta cewa shi ɗan Sabo ne. Wa zai buɗe rumfa da asuba a tsakiyar mutanen da aka zaga? Ubansa. Wa za ta shiga motar haya ita kaɗai ta tafi makaranta? Ƙanwarsa. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa. Don haka idan yaro ya ce shafinsa ne, mu yarda da shi, sannan mu gaya masa cewa sunan da ke saman shafin aro ne, wasu sun yi shekara talatin suna biyan bashi a kan lokaci kafin ya yi nauyin da yake da shi.

Abu na biyu, matasa sun fi mu saninsa amma sun fi mu mantawa da shi: rubutun waya ba ya mutuwa. Samarin da, su ma sun yi surutun banza a dandali, amma iska ta kwashe. Na yanzu ajiye shi ake yi. Ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse, a watan Yunin 2022 ya yi rubutu a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai a Nuwamba aka zo aka ɗauke shi, har gidan yarin Suleja, kafin a janye ƙarar a farkon Disamba. Mu a ganinmu an nuna masa fin ƙarfi, kuma jama'a sun yi daidai da suka yi ca a kai. Amma a lura: wata biyar, watakila shi kansa ya manta, rubutun yana nan yana jiransa. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, da sashenta na 24 da aka sha kama mutane da shi, ko da yake an yi mata gyara a 2024. Mai neman bizar Amurka, tun 2019 takardar tana tambayarsa sunayen shafukan da ya yi amfani da su cikin shekara biyar, a 2025 kuma aka ce masu neman bizar karatu su buɗe shafukan kowa ya gani. Wanda ke cewa ai a guruf ɗinmu na abokai ne kawai, ya sani a 2017 jami'ar Harvard ta janye gurbin karatun ɗalibai aƙalla goma saboda hotunan batsa da cin mutunci da suka yi ta turawa a wani rufaffen guruf. Guruf mai mutum hamsin ƙofa hamsin gare shi.

Daga nan ne nasihar da aka saba yi take tsayawa: gyara shafinka, goge abin kunya, domin mai ba da aiki zai duba, ofishin jakadanci zai duba, surukai za su duba. Nasiha ce mai amfani, amma mu ba ta ishe mu ba, har ma muna jin tsoronta. Yaro mai wayo idan ya ji haka, abin da zai fahimta shi ne laifin a gan shi ne. Sai ya buɗe shafi biyu. Ɗaya da sunansa na yanka da hotonsa da hula, duk Juma'a da addu'a. Ɗayan da sunan ƙarya da hoton zaki, a can yake zagin malamai, yake bin 'yan matan mutane da maganar banza. Kun san kwandon tumatir da aka jera manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai irin wannan kwando yakan ci riba sau ɗaya ko sau biyu. Sunan maigidan Sabo ya yi aiki ne saboda in ranar biya ta zo ana biya. Da ado ne kawai, da tuni an daina turo masa ko akuya.

Tambayar da ya kamata yaro ya saba yi wa kansa kafin ya danna, ita ce wadda Suratul Hujurati ta ɗora mu a kai. Surar ta yi umarni a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da gulma. A karanta ta yau sai a ga kamar an jero ayyukan da ake yi a waya daga safe zuwa dare. Ba ta ware wanda ya ɓoye sunansa ba. Abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, naman wa nake ci? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi ba ya buƙatar ranar share shafi.

Saura ɓangaren da ya fi damunmu, wanda bai shafi ɗalibai ba, manya ya shafa. Waya ba ta da ƙafa. Idan hoton yarinya ya tashi daga makaranta a Ogbomosho ya sauka a guruf ɗin 'yan kasuwa a Badun, ya wuce na dangi a Katsina, hannun mutane ne ya kai shi, kuma sau da yawa hannun masu furfura. A tura, a rubuta "Allah Ya shirya" a ƙasa, a ɗauka an yi wa'azi. Wallahi ba wa'azi ba ne. Mai son shiriyar yarinya lambar mahaifiyarta zai nema, ba guruf mai mutum ɗari biyu ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba a auna maza da mata da mudu ɗaya. Saurayi ya yi haukarsa a TikTok yana aji ɗaya, ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya tsayar da gemu, a ce ƙuruciya ce ta wuce. Yarinya ta yi rawa ta daƙiƙa talatin a bikin ƙawarta tana shekara goma sha takwas, wani ya adana, sai an sa ranar aurenta bayan shekara huɗu ya aika wa dangin miji. Wanda ya adana bidiyon shekara huɗu yana jiran ranar da zai fi ciwo, shi ya kamata a bincika kafin a ba shi aure.

Malamanmu sun sha karanta mana ƙissar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Waɗanda aka yi wa haddi a kai, Musulmi ne da suka ji maganar suka yaɗa ta. Ɗaya daga cikinsu, Misɗahu, ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne, kuma shi ke ciyar da shi. Abubakar ya rantse ya daina, wahayi ya sauka a Suratun Nuri yana kiran sa zuwa yafiya, ya koma yana ba shi kamar da. 'Yarsa aka ɓata wa suna, amma bai ajiye wa mutumin laifinsa har abada ba. In har an buɗe wa Misɗahu hanyar dawowa, da wace hujja za mu rufe ta ga ɗan shekara goma sha tara da ya rubuta shirme da ƙarfe biyun dare?

A kasuwa mun san yadda ake yi. Yaron gida ya ci kuɗin kaya, maigida ya kira shi ciki ya rufe ƙofa, a yi faɗa, a tsara yadda zai biya, in ya biya maganar ta mutu, ba mai sake tayar da ita a bainar jama'a. Haka ya dace a yi idan irin wannan hoto ya shigo wayar ɗayanmu: a kira uban yaron ko yaron kansa a keɓe, a nuna masa, a goge, kada ya wuce nan. Masu kula da guruf-guruf na masallaci da na kasuwa kuma su cire irinsa da zarar ya shigo, ko da Alhaji wane ne ya turo. Idan kuma binciken aure ne ya kawo shi, a fara duba kwanan watan da ke jikinsa, sannan a je a tambayi maƙwabta da malaman yarinyar yadda take a bana.