ƘADDARA CE KO SAKACINMU NE?



Kwanakin baya na je wa'azi wani ƙauye mai nisa da kwalta. Bayan sallar la'asar wani dattijo ya ja ni gefe, ya nuna mini jikansa ɗan shekara 7 yana jan gwiwa cikin ƙasa. Ƙafafunsa biyu a lanƙwashe suke zuwa ciki tun haihuwa. Na ce, "Baba, an taɓa kai shi asibiti kuwa?" Ya ce, "Malam, haka Allah ya yi shi, mun rungumi ƙaddara."

Wallahi saura kaɗan in fara yi masa faɗa. Domin irin wannan lanƙwasar ƙafa ana gyara ta idan an kawo jariri da wuri. Likita yana miƙar da ƙafar a hankali, ya yi mata ɗaurin siminti, a riƙa canzawa duk mako har sau 5 ko 6, daga nan sai takalmi na musamman da yaron zai riƙa kwana da shi har ya kai shekara 4. Yawancin yaran suna tashi su yi tafiya lafiya lau. In aka bar yaro ya girma a haka kuwa, aikin yana ƙara wuya da tsada.

Sai dattijon ya ci gaba: "Malam, an ce mana sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuɗin motar zuwa ɗaya sai na sayar da akuya. Da damina rafi ya kawo, ko babur ba ya tsallakawa. Duk mako kuma aka ce." Nan bakina ya mutu.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: laifin wa? Imani da ƙaddara rukuni ne, babu ja. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya umarce mu da neman magani, ya kuma hore mu da riƙo da sababi kafin tawakkali. Wanda yake da hali ya ƙi kai ɗansa, sakaci ya yi, kada ya fake da ƙaddara. Wanda kuwa ba shi da hali, Allah ba zai kama shi da abin da ya fi ƙarfinsa ba. To nauyin ina ya koma? Kanmu ya dawo. Wannan shi ne farillar kifaya: in wasu suka ɗauke, an sauke wa kowa, in aka rasa mai ɗauka, duk mai iko yana da kaso a zunubin.

Magabata sun gane haka. Malaman tarihi sun kawo cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu yi musu hidima, daga baitulmali. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, har riƙon Madina an bar masa. Mu kuwa da zarar yaro ya sami lalura, ƙoƙon bara muke fara nema masa.

Gaskiya ne Najeriya ta yi dokar kare masu naƙasa a 2019, kuma a 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan inna. Amma yaran da ta riga ta taɓa suna nan. Ga kuma waɗanda doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, masu buƙatar gashin ƙashi akai-akai, alhali masu wannan aikin kusan duk a birane suke. Hukuma ce ya kamata ta kai su karkara, su koya wa iyaye mata motsa gaɓoɓin yaran a gida. Mu dinga tuna mata.

Kafin nan, kowane masallacin Juma'a zai iya ware asusun kuɗin mota. Uban da talauci ya hana shi kai ɗansa asibiti ya cancanci zakka. Liman da wanzami da ungozoma, ranar suna ku duba ƙafar jariri, in kun ga lanƙwasa ku ce a tafi asibiti a makon nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe mana sakacinmu. Amin.