Kayan Ɗakin Tsohuwa: A Sayar Ko A Ajiye?

Akwai maganar da ba a cika yin ta a zaure ba, amma kusan kowane gida a Sabo sai ya gamu da ita. Tsohuwa ta rasu, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi arba'in, 'yan'uwan da suka zo daga Kano ko Katsina sun koma. Sai a buɗe ɗakinta. Ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga sif cike da kwalla da langa, ga tasoshin tagulla a jere, ga akwatin da ba wanda ya san inda mabuɗinsa yake. Ɗakin kuma ana bukatarsa, ko wani yaro zai yi aure, ko ana so a zuba 'yan haya. To, yaya za a yi da kayan? A sayar, ko sayarwar cin amanar mamaciya ce?

Amsa iri biyu muka saba ji. Wasu su ce, "Haba, gadon da aka haife mu a kansa? Wallahi ba mai taɓa shi." Sai a tura kayan lungu, a rufa musu tsohon zane, a ja ƙofa. Wasu kuma su ce, "Kaya ne fa, mai su ma ta tafi ta bar su." Kafin la'asar an tsayar da ɗan gwangwan, ya ɗora a sikeli, ya ƙirga kuɗi, ya tura baronsa. Na farko suna ganin sun fi ƙauna, na biyu suna ganin sun fi sanin duniya. Mu kuwa a ganinmu sun yi tarayya a abu guda: ba wanda ya tsaya ya tambayi kayan nan na wane ne yanzu, nawa ne darajarsu, me kuma suke ɗauke da shi. Bayan damina uku sai ka tarar duk su biyun hannunsu babu komai. Na ɗaya gara ta cinye, na ɗaya ya tafi a cefanen kwana biyu.

Mu fara da abin da kayan ke ɗauke da shi, domin a nan ne lamarinmu ya bambanta da na wanda ke zaune a garin kakanninsa. An keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo a shekarar 1916, 'yan shekaru kaɗan bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Goro na hawa Arewa, shanu na gangarowa Kudu, iyayenmu suna tsakiya suna saukar baƙi, suna dillanci. Wanda ya zo cin rani da buzu da buta ai ba ya sayen gado. Ranar da mutum ya sayi gadon bono, wanda ya samo sunansa daga kamfanin Vono na Legas, ko ya sa kafinta ya yi masa kabad na katakon loko da sai ƙarti huɗu ke ɗagawa, ranar ce ya yarda a ransa cewa nan ma gida ne. Haka amaryar da aka ɗauko daga Arewa a jirgin ƙasa da adakarta da akushinta da tasoshin da maƙeran Bida suka ƙera. Ka shiga ɗakin tsohuwa ɗaya, ka ga Arewa da Kudu sun zauna lafiya: tagullar Nupawa a kan katakon kurmi, aikin kafinta Bayarabe, jeren Bahaushiya.

Mu da har yau ake tambayarmu yaushe muka zo, ba mu da ganuwa, ba mu da gonar gado da za mu nuna. Shaidar daɗewarmu tana masallaci, tana maƙabarta, tana kuma cikin irin waɗannan ɗakuna. Saboda haka idan aka ce kayan tsohuwa tarkace ne, ya kamata mu ɗan dakata.

Sai dai kafin a kai ga tarihi, akwai hakki. Gadon kwanciya da gadon dukiya rubutunsu ɗaya a boko, a nan kuwa hukuncinsu ma ɗaya ne. Kayan ɗaki mallakar mace ne. Da zarar ta cika, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, komai ya zama na magada, tun daga gadon har cokali. Miji yana da rubu'i idan ta bar ɗa ko 'ya, yana da rabi idan ba ta bari ba, 'ya'ya kuma kowa da rabonsa kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Amma me muke yi? A zauna a raba gida da kuɗin banki da malami da shaidu, kayan ɗaki kuwa a bar wa wadda ke kusa, wai ba su kai a kira malam ba. Ƙanwar da ke aure a Shagamu sai dai ta ji labari. Wanda ya kira ɗan gwangwan shi kaɗai ya sayar da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Wadda kuma ta kulle gadon a ɗakinta saboda ƙaunar uwa, ita ma ta riƙe rabon wasu, ko da hawaye take yi in ta dube shi. Ƙauna ba ta mayar da dukiyar tarayya ta mutum ɗaya.

Mafita a nan ba wuya. A yi wa kayan kuɗi a gaban kowa. Mai son gadon ya ɗauka a cikin rabonsa, ko sauran su yafe masa da bakinsu, ba don kunya ta hana su magana ba. In akwai ƙaramin yaro a cikin magada, ba mai ikon yafe rabonsa a madadinsa.

To, an raba, gado ya faɗo hannunka, ka ce za ka ajiye. Madalla. Amma ajiya aiki ce, musamman a wannan ƙasa ta kurmi da ruwa ke sauka fiye da rabin shekara. Akwatin da zai shekara hamsin a Katsina bai yi komai ba, a nan damina biyu a kan dandaɓe mai danshi ta ishe shi. Katako yana son a ɗora ƙafafunsa a kan bulo, a janye shi daga jikin bango, a riƙa buɗe taga. In ka ga garin katako na zuba a ƙasa, ko hanyar ƙasa ta hau ƙafar kabad, ƙwaro ko gara sun riga sun shiga, sai magani tun da wuri. Gadon ƙarfe a goge tsatsarsa da kananzir, a shafa masa ɗan mai a mahaɗa. Tagulla kuwa iyayenmu toka da lemon tsami ko tsamiya suke sa mata, ta fito tana ƙyalli. Kwalla da langa ba sa son gwaruwa, don inda fentin ya ɓare nan tsatsa ke kama wuri. A kuma guji abin da muke yawan yi gab da salla, wato a yaɓa wa tsohon katako fenti mai sheƙi. Yana rufe kyan itacen, yana kuma karya masa daraja a wurin wanda ya san kaya.

Mafi kyawun kulawa dai shi ne amfani. Kujerar da ake zama a kanta ana ganin ranar da ƙafarta ta fara rawa. Wadda aka kulle kuwa sai ranar da aka zo ɗagawa ta ruguje a hannu. Addini ya hana tozarta dukiya, kuma barin kaya su ruɓe a lungu tozartawa ce, ko da sunan girmama mamaci aka yi.

Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, ko bukata ta taso masa, ya sayar, ba laifi. Mu tuna ita kanta tsohuwar ba don kallo kawai ta tara kayan ba. Jere shi ne bankin matan da. Da ribar ƙosai da fura da adashi ake sayen kwalla ɗaya bayan ɗaya, in 'ya ta tashi aure a ɗebe mata, in ciwo ya zo ko kasuwar maigida ta karye a kira dillaliya a fitar da biyu. Jikan da ya sayar da tasoshi ya biya kuɗin makaranta ko na asibiti, aikin da aka tara su dominsa ya yi da su. Abin da zai ɓata wa mai su rai, da tana gani, shi ne a sayar da wahalar shekara talatin a farashin ƙarfen bola.

Don kuwa tsohon abu farashi uku gare shi. Akwai na sikeli, wanda ɗan gwangwan ke biya, shi nauyin ƙarfe yake saye, ba ruwansa da zanen da maƙeri ya kwana yana bugawa. Akwai na mai amfani, wanda ya san gadon ƙarfen da zai binne gadaje uku na garin katakon da aka matse da gam. Akwai kuma na mai neman tsofaffin kaya don ado ko tarihi. Hakkin magada ne su san uku ɗin kafin su ce "Allah ya sa albarka." A duba bayan kabad da cikin dirowa a ga ko katako ne na gaske, a ga ko sassaƙa aka yi aka cusa wani cikin wani ko ƙusa aka bubbuga. A kara wa tasa maganaɗisu: tagulla ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla yana kamawa. A ji bakin mutum biyu ko uku. Kada a yi ciniki cikin makon makoki, lokacin da zuciya ba ta wurin lissafi. Kuma kada akwati ya bar gida ba a buɗe shi ba, domin takardun gida da rasit da littattafan bashi na ajami a irin nan tsofaffi ke ɓoye su.

Yanzu sai mu juya madubin, don a wannan unguwa sau da yawa mu ne masu sayen. 'Ya'yan dillalai ne mu. Idan ka san darajar abu, mai shi bai sani ba, ya halatta ka saya da arha ka yi shiru? Ɗan kasuwa zai ce, kuma maganarsa tana da ƙarfi, "Sanin nan ai jarina ne. Shekaru na yi ina yawo ina asara kafin idona ya buɗe. Da yardarta ta sayar." Gaskiya ne riba halal ce, ba kuma wanda ya ce sai ka saya a farashin da za ka sayar. Amma yardar da aka gina a kan duhu tana da rauni. Manzon Allah (SAW) ya hana a tari ayarin fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa, kuma malamai sun bayyana cewa daga cikin dalilan akwai rashin sanin farashi da baƙon ke ciki. Malaman Malikiyya ma sun yi magana a kan wanda ya miƙa wuya ya ce, "Ban san kasuwa ba, saya yadda ake saye." Cutar irin wannan haramun ce. Matar da ke cikin takaba ta ce wa dillaliya, "Yaya, ke kika san kan abin nan, nawa zai yi?" ta shiga wannan sahu. Daga wannan tambaya dillaliya ta tashi daga abokiyar ciniki ta koma mai riƙon amana. In ta ce, "Wannan ai ya tsufa, ba mai saye," alhali ta san wanda ke jira, ƙarya ta sayar, kuɗin kuma ba za su yi albarka ba.

Mai sayarwa ma haka. Kada ya toshe ramin gara ya goge da mai ya yi shiru, kada ya ƙara wa kujera shekara hamsin da baki. An ruwaito cewa albarkar ciniki tana tare da faɗin gaskiya da bayyana aibi daga ɓangarorin biyu. Kasuwar shanu da goro ta Sabo a kan wannan ta tsaya. Ana ba da kayan maƙudan kuɗi bashi da kalmar maigida kawai, ramin ƙarya kuwa kowa ya san ƙurarre ne.

Akwai kuma doka da ya kamata mu sani. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a sayar da irinsu sai ga wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fitar da su waje sai da izini. Gadon bono bai shiga ciki ba, amma tsohuwar tasa ko sassaƙar da kakar kaka ta zo da ita tana iya shiga. Wanda ke shakka ya leƙa gidan tarihin da ke Aleshinloye ya yi tambaya kafin wani baƙo mai zaƙin baki ya rigaye shi.

In an bi duk wannan, shawararmu ita ce kowane gida ya tsayar da abu ɗaya, ko akwati ne, ko tasa, ko 'yar kujerar da tsohuwa ke zama a bakin murhu. A rubuta sunan mai shi, da garin da ta fito, da shekarar da ta zo in an sani, a liƙa a ciki ko a ƙarƙashi. A yi haka tun masu sanin labarin suna raye, don kayan da labarinsa ya ɓata jikoki za su kira shi tarkace, kuma ba laifinsu ba ne. Sauran a sayar a fili, a raba kuɗin da adalci. In magada sun wadata, sun kuma yarda, marayu nawa ne a unguwar nan da aurensu ke jiran gado da kwanuka? A gyara, a goge, a kai musu da niyyar ladan ya isa ga mai su. Ba mu san hanyar girmama uwa da ta fi wannan ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka tara, ya ba mu ikon sauke hakkin abin da suka bari.