Zumunta a Ƙafa Take

Karatun yau: 2 Timoti 1:15-18; Rut 1:6-18

Akwai tambayar da ke zuciyar masu bi da yawa a birnin Sakkwato, ko da ba a furta ta a fili: in ba ni da abin da zan miƙa wa ɗan'uwana, me zan je yi gidansa?

Tambayar tana da dalili. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Hawa kabu-kabu daga Mabera zuwa Arkilla ya zama abin da sai an yi lissafi. Kwanon gero ya yi tsada. Wasunmu kuma suna riƙe da dangin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan ƙasar Zuru ko Zamfara.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka ji an kwantar da wani ɗan ikkilisiya a Asibitin Ƙwararru. Ka ce a ranka, bari in samu ɗan abin da zan riƙe masa tukuna. Mako ya wuce, abin bai samu ba. Wata ya wuce, yanzu kunya ta hana ka ko buga masa waya. Shi kuwa yana kwance yana cewa an manta da shi domin ba shi da komai. Ran Lahadin da ya dawo sujada, kowa ya nemi kujerar da ke nesa da ɗan'uwansa. Babu wanda ya yi faɗa, amma zumunta ta mutu. Shaiɗan bai sha wahala ba, kunya da shiru sun yi masa aikin.

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Ba su ce a aljihu take ba. Maganar Allah kuwa ta tabbatar da haka.

Dubi Manzo Bulus a kurkukun Roma, a zamanin Sarki Nero. Mutanen Asiya da ya yi wa hidima shekara da shekaru sun juya masa baya. Dimas ya bar shi ya tafi Tasalonika. Ranar farko da ya tsaya gaban shari'a, babu wanda ya tsaya tare da shi. A cikin wannan hali ne Bulus ya ambaci Onisifaras, mutumin da ya taɓa yi masa hidima a Afisa. Da ya iso Roma, ya yi ta cigiya har ya gano inda aka tsare Bulus. Onisifaras bai iya kwance sarƙar ba, bai iya sauya hukunci ba. Abin da ya yi shi ne ya zo, ya kuma yi ta zuwa, bai ji kunyar a gan shi wurin ɗan sarƙa ba. Ba a faɗa mana nawa ya kawo ba. An faɗa mana dai ya wartsakar da ran Bulus, har manzon ya roƙa wa iyalinsa jinƙan Ubangiji.

Dubi Rut kuma. Gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, ba gona, ba ɗa, ba dukiya. Na'omi da kanta ta ce mata ta koma gidan iyayenta, domin ba sauran abin da za su ƙari juna da shi. In da lissafin riba ake zumunta, gaskiyar Na'omi ce. Amma Rut ta bi ta da ƙafa har Baitalami. Sai bayan ta bi ta ne aka samu kalar sha'ir a gonar Bo'aza, aka samu Obida, kakan Dawuda. Tanadin Allah ya same su a kan hanyar da aminci ya riga ya taka.

Wani zai ce, ai Yakubu ya gargaɗe mu a kan mai sallamar mayunwaci da daɗin baki, bai ba shi komai ba. Gaskiya ne, kada kuma wani ya fake da darasin yau ya yi rowa. Wanda yake da kwano biyu ya ɓoye, ya je ya yi wa ɗan'uwa doguwar addu'a, ya yaudari kansa. Amma Yakubu yana tsauta wa mai hanawa ne. Mai rashi kuwa, Allah yana karɓa daga gare shi gwargwadon abin da yake da shi, kamar yadda ikkilisiyoyin Makidoniya suka bayar cikin tsananin talauci. Kuma wanda ya je, shi ne yake ganin bukata. Sai ka shiga ɗakin za ka lura ba mai ɗebo ruwa, ba mai raka yara makaranta, ba mai kwana da majinyaci. Waɗannan duka ana yinsu ba da ko kwabo ba.

A cikin gida ma haka ne. Maigida ya dawo hannu wofi, sai ya zauna waje har dare don kada a tambaye shi kuɗin cefane. Uwargida ta ɗauka raini ne, ita ma ta ɗaure fuska. Daga tsakar gida zuwa ɗaki taku biyar ne, amma wani lokaci ita ce tafiya mafi nisa a Sakkwato. Ɗan'uwa, ka shiga ka faɗa mata gaskiyar abin da ke aljihunka. 'Yar'uwa, ki saurare shi ba tare da gori ba. Ku durƙusa tare. Maganar da aka yi da wuri tana da sauƙi fiye da wadda ta kwana.

Tsoro ma yana ɗaure ƙafa. Ba mu manta da Mayu 2022 ba, lokacin da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, har aka sa dokar hana fita ta awa 24 a cikin birni. Raunin na gaske ne. Duk da haka Ubangiji bai janye umarninsa na ƙaunar maƙwabci ba. Maƙwabcinka Musulmi da kuke gaisawa shekara goma, in an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya, in an yi haihuwa ka je barka. Ka yi tafiya da hikima, amma kada tsoro ya zama mai zaɓa maka wanda za ka gaisar.

Tushen wannan duka shi ne Yesu. Bai aiko mana da saƙo daga nesa ba. Ya zo da kansa, ya zauna a cikinmu, ya taka ƙurar hanya har Betanya inda Maryamu da Marta suke makoki, ya yi kuka tare da su kafin ya ta da Li'azaru. Wanda Ruhu Mai Tsarki yake zaune a cikinsa bai taɓa shiga gidan kowa hannu wofi ba.

Abin yi a wannan mako: Rubuta sunan mutum ɗaya da kunya, ko fushi, ko tsoro ya raba ka da shi. Kafin Lahadi, ka je. In nisa ya hana, ka kira shi.

Addu'a: Ya Uba, ka kwance ƙafafuna daga kunya da tsoro. Ka cika ni da Ruhunka, ka mai da ni mai wartsakar da ran waɗanda suka gaji. Ka gyara duk zumuntar da ta tsinke a gidana da cikin ikkilisiyarka, ka ba Sakkwato salama. A cikin sunan Yesu. Amin.