Haƙƙin Ɗan Kallo

Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake farfasawa a zuba a kular zoɓo da azumi. Duk da haka na shafe shekara biyar ina bibiyar wani mutum wanda sana'arsa gaba ɗaya a kan ƙanƙara take, kuma a ƙarshen waɗannan shekarun na yi masa wani abu da har yau nake tuhumar kaina a kansa, alhali shi bai ma san da zamana a duniya ba.

Sunansa Yuzuru Hanyu, mutumin Japan, an haife shi a birnin Sendai a 1994. Wasan zamiya a kan ƙanƙara yake yi, irin wanda ɗan wasa ke sa takalmi mai siririn ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, a saka masa kiɗa, ya riƙa sulalawa yana juyi, ya tashi sama ya wulwula sau uku ko huɗu ya dira a kan ƙafa ɗaya, alƙalai suna ba shi maki. Na fara ganinsa a wayar wani abokin karatuna a 2018, lokacin gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. A can ya ci lambar zinare karo na biyu a jere, bayan ta Sochi a 2014. Rabon da wani namiji ya yi haka tun Dick Button, Ba'amurke, a 1948 da 1952. Yana gama wasa sai na ga 'yan kallo suna yi masa ruwan 'yar tsanar Winnie the Pooh, har sai da yara suka shigo fili suna kwashewa.

Daga nan na fara neman labarinsa, kuma labarin mai kama zuciya ne. Ranar 11 ga Maris 2011, da girgizar ƙasa ta afka wa arewa maso gabashin Japan, yana tsakiyar atisaye a Sendai. Da takalmin wasan a ƙafarsa ya fice daga ginin, ya yi kwanaki a sansanin waɗanda suka tsira tare da iyalinsa. Yana da shekara 16 a lokacin. Mutanen yankin sun ɗauke shi a matsayin shaidar cewa wanda ya faɗi yana iya tashi. Da ya dawo da zinarensa na biyu, fiye da mutum dubu ɗari ne suka cika titunan Sendai don su ɗaga masa hannu.

Ranar 4 ga Agusta 2023 ya fitar da gajeriyar sanarwa cewa ya yi aure. Bai faɗi sunan matar ba, bai nuna hotonta ba. Ranar 17 ga Nuwamba ya sake fitar da wata sanarwar cewa sun rabu. Kwana 105 ke nan. Dalilin da ya bayar shi ne, matar ba ta cikin masu rayuwa a idon jama'a, amma ita da danginta da nasa sun sha ƙazafi da bibiya da rahotannin da ba a nemi izininsu ba. Baƙin mutane da motoci suna kewaya gidansu, har ta kai ba ta iya fita ƙofar gida. Ya ce ya kasa kare ta, kuma ya fi so ta yi rayuwarta ba tare da wannan ƙunci ba.

Tsakanin sanarwar farko da ta biyu, wata ƙaramar jarida ta wani lardi ta buga sunan matar, manyan mujallun mako-mako suka ɗauka suka yi ta tonawa. Ni kuwa, a ɗakina, da dare, na buɗe wayata na nemi sunan. Na same shi. Na sa manhajar fassara ta juya mini labarin, na karanta har ƙarshe, na ga hotonta, na kwanta barci. Ban ji na yi laifi ba sai ranar da na karanta sanarwar rabuwar.

Tambayar da nake ta juyawa tun daga lokacin ita ce: me wanda ya yi suna yake bin masoyansa, kuma me suke bin sa? Akwai amsa mai ƙarfi da ba na son in raina ta. Masu ita suna cewa suna ciniki ne. Ba wanda ya tilasta wa Hanyu fitowa a tallace-tallace, ba wanda ya tilasta masa sayar da littattafan hotunansa. A watan Fabrairun 2023 ya yi wasa shi kaɗai a babban filin Tokyo Dome a gaban mutum dubu 35, kowannensu da kuɗinsa ya shiga. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan ka gina arzikinka a kan sha'awar mutane gare ka, in ji su, ba ka da bakin cewa su kau da kai ranar da ka ga dama.

Na yarda cewa ciniki ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da ake cewa an saya. Wanda ya yanki tikiti ya sayi kallon wasa, kuma a iya sanina ba ɗan wasan da ya cika wa 'yan kallo mudunsu kamar wannan mutumin. A Nuwamban 2014, a wata gasa a Shanghai, ya yi karo da wani ɗan wasan Sin, Yan Han, suna ɗumama jiki, jini ya wanke masa fuska. Aka naɗe masa kai da bandeji ya koma fili, ya faɗi sau biyar kafin kiɗan ya ƙare. (Ni a ganina ya kamata a ce an hana shi shiga ranar, kuma tafin da aka yi masa yana daga cikin abin da nake magana a kai.) A Beijing a 2022, ya zaɓi ya gwada tsallen Aksel mai juyi huɗu da rabi, wanda ba wanda ya taɓa dira shi a gasa a lokacin, ya faɗi, ya ƙare na huɗu. Duk abin da ake bin ɗan wasa, a nan ake biyan sa, kuma an biya. Aurensa ba ya cikin lissafin. Ko da a ce yana ciki, matar fa? Ladan wane kuturu ta ci?

Ba ina nufin duk abin da shahararre ya ɓoye ya zama haramun a tona ba. A wannan gasar ta Beijing aka gano cewa gwajin da aka yi wa Kamila Valieva ta Rasha, yarinya 'yar shekara 15, ya nuna haramtaccen magani a jikinta. 'Yan jaridar da suka bankaɗo wannan sun yi aikinsu, domin magana ce ta adalcin gasar kanta, ta shafi kowace yarinya da ta kara da ita. Abin da ya taɓa ƙanƙara na 'yan kallo ne, suna da ikon tambaya. Sunan matar Hanyu kuwa ba ya ƙara wa kowa maki, ba ya rage wa kowa.

Gidan Bahaushe ya daɗe da warware wannan a gininsa. Akwai zaure, akwai cikin gida. Baƙo komai girmansa a zaure ake saukarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, kuma ba ya ganin an wulaƙanta shi don ba a kai shi ɗakin matar gida ba. Filin ƙanƙara shi ne zauren Hanyu, kuma ya karrama mu a cikinsa fiye da kima. Mu ne muka gama cin abinci, muka miƙe muka ɗaga labule ba sallama.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ba ƙiyayya ce ta sa na ɗaga labulen ba. So ne. Kuma so yana tafe da son sani, wannan ɗabi'arsa ce; wanda kake ƙauna kana son ka san me ya ci, wa yake zama da shi, me ke sa shi dariya. To me ya sa abin da yake ado a tsakanin aminai ya zama cuta a nan? Na daɗe kafin in gane cewa a tsakanin aminai sani musaya ne. Na san asirin abokina, ya san nawa. In na wuce gona da iri zai dube ni, in ji kunya. Kunya tana buƙatar ido biyu su haɗu. Ɗan kallo kuwa yana gani ba a ganin sa. Ya san ranar haihuwar gwaninsa da ciwon asmar da yake fama da shi tun yana yaro, har ya ji kamar ɗan gida ne, alhali ba abin da ya bayar nasa, kuma ba fuskar da zai kalla ya sunkuyar da kai. Malamai suna da suna ga irin wannan leƙen, suna ce masa tajassusi, kuma ban taɓa jin an ce ya halatta don mai leƙen yana ƙaunar masu gidan ba.

Na yi ta ƙoƙarin wanke kaina da lissafi. Ban je ƙofar gidansu ba. Ban bi ta da mota ba. Ban rubuta ko kalma ɗaya a kanta ba. Mutum ɗaya a Afirka ya buɗe wani shafi na minti biyar, wace illa wannan zai yi wa wata mata a Japan? In ana maganar awo, kusan babu. Amma ɗan jaridar da ya kwana a mota a bakin titinsu ba don kansa ya kwana ba. An aike shi ne, kuma waɗanda suka aike shi sun ƙirga mutum nawa za su buɗe labarin. Ina cikin ƙirgar. Kowannenmu ya ɗora tsakuwa ɗaya ce tak, yana cewa tasa ba ta da nauyi, har ƙofar ta ƙi buɗuwa daga ciki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma abin tsoro game da shi shi ne ba shi da fadar da za a kai ƙara.

Bayan rabuwar, masoyansa suka yi caa a kan 'yan jarida, kuma da yawa daga cikinsu suna yaɗa rahotannin nan ne don su nuna wa juna irin munin su. Wasu kuma suka juya kansa, suka ce ya laɓe ne a bayan 'yan jarida, ruwa ba ya tsami banza, akwai dalili na gaskiya da yake ɓoyewa. Sai aka shiga tonon wannan dalilin da irin fartanyar da aka tona sunan. Ba na cewa shi ba shi da kuskure. Mutumin da mutum dubu ɗari suka fito titi dominsa ya kamata ya san cewa shirunsa ba zai kashe ƙishirwar mutane ba, ƙara ta zai yi, kuma ya kamata ya auna wannan kafin ya ɗauko 'yar mutane. Sai dai sakacin mai gida wajen rufe ƙofa bai taɓa zama hujjar wanda ya shiga ba.

Har yanzu ina kallon wasanninsa. Kwanan baya ƙanwata ta same ni ina kallon na Pyeongchang, ta zauna kusa da ni har ya ƙare, na ba ta labarinsa a taƙaice, da girgizar ƙasar da zinaren da auren kwana 105. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Yaya, to wace ce matar?"

Sunan yana kan harshena, ban manta ko harafi ɗaya ba. Na ce mata bai faɗa ba. Ta ce ai in ba ta wayar, yanzu za ta nemo mana. Na riƙe wayar a hannuna, na mayar da bidiyon farko, na ce ta dubi yadda yake dira a kan ƙafar dama, wadda ya ji wa ciwo wata uku kafin gasar.