Ko Ƙiba Shaidar Tuba Ce?

A ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Katsina da Kano da Zazzau, tun daga wajen Malumfashi da Kafur har zuwa Ikara, giya ba baƙuwa ba ce. Da burkutu ake gayya, da ita ake biki, da ita ake makoki, mata ne kuwa suke dafa ta da dawar da gidan ya noma. Sa'ad da bishara ta shigo ƙasar, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na SIM da SUM suka sa barin giya cikin sharuɗɗan baftisma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ya miƙe a gaban jama'a ran Lahadi ya ce daga yau ya rabu da ƙoƙo. Jama'a su yi waƙa, a yi masa addu'a, kowa ya koma gida. Daga ranar nan idon gari yana kansa. Da yake kuwa ba mai iya leƙa zuciyarsa, sai a koma ana duban jikinsa.

In bayan wata uku kumatunsa suka ciko, rigarsa ta fara matse shi, sai ka ji ana cewa, "Kai, wāne ya tuba da gaske, dubi yadda ya yi kyau." In kuwa ya rame, wuyansa ya fito, sai a fara raɗa. Wasu su ce yana sha a ɓoye, wasu su ce ai tsohon zunubi ne yake cinsa, wasu ma su kira sunan ƙanjamau. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin tambaya shi ne, ko daidai ne mai bi ya auna tuban ɗan'uwansa da wannan ma'auni?

Kafin a yanke, ya kamata a san abin da giya take yi wa jiki. Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci yake ba jiki da wani awo da suke kira kalori. Giram ɗaya na sukari ko garin hatsi yana da kalori 4, na mai yana da 9, na barasa tsantsa kuwa yana da 7. Wato barasa ta fi tuwo kusa da mai, sai dai ƙarfi ne kurum, ba ta gina tsoka, ba ta ƙara jini. Daga nan mashaya suka rabu kashi biyu. Akwai wanda yake shan kwalba huɗu ko biyar da yamma, ya haɗa da tsire da farfesu, ya koma gida kuma ya ci tuwo. Wannan shi ne mai tumbi. Ran da ya bari, ya zare wa jikinsa abin da ya kai nauyin cin abinci guda ko fiye a kowace rana, ba mamaki in ya faɗa, ramarsa kuwa alheri ce. Akwai kuma wanda giya ta zama masa abinci. Tun hantsi yana gidan burkutu, cikinsa ya cika da ruwan dawa, ba ya marmarin tuwo, kuɗin cefane ma sun tafi can. Barasa ta ƙona masa ciki, hanjinsa ba sa tsotse amfanin ɗan abin da ya ci. Wannan in ya bari, yunwarsa takan komo da ƙarfi, ya yi ta ci kamar wanda ya tashi daga jinya, gama jinyar ce ya tashi. Mutum biyu ke nan, alkawari ɗaya suka yi, dukansu sun riƙe shi, ɗaya ya rame ɗaya ya yi ƙiba. Wanda ya yaba wa na biyu ya zargi na fari, ya yi shaidar zur ko da bai sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ba kowane cikar jiki ne ƙiba ba. Hantar da ta daɗe tana fama da barasa takan fara tara kitse, wannan kuwa yakan warke cikin 'yan makonni ko watanni in mutum ya bari. Amma in ta riga ta ƙanƙance ta taurare, sai ruwa ya riƙa taruwa a ciki da ƙafafu. Mutum ya hau sikeli a ga ya ƙara kilo biyar, cikinsa ya fito, alhali hannuwansa sun zama kamar kara. In aka danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa bai komo da sauri ba, ko aka ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, to ba lokacin barka ba ne, lokacin neman mota ne zuwa asibiti, ko Wusasa ko Shika ko wanda ya fi kusa. Haka nan ramar da ta ƙi tsayawa, musamman in da tari ko zufar dare ko yawan fitsari da ƙishirwa, tana iya zama tarin fuka ko ciwon sukari, dukansu kuwa akwai maganinsu. Ko ƙanjamau ɗin ma da ake raɗa a kansa, yanzu akwai maganin da mutum zai sha ya rayu shekaru masu yawa. Raɗa ba ta taɓa kai kowa gwaji ba, sai dai ta sa ya ɓuya a ɗaki.

Wani zai ce, ashe Littafi Mai Tsarki bai nuna Daniyel da abokansa sun ƙi abincin sarki da ruwan inabinsa, bayan kwana goma kuwa aka ga sun fi sauran samari kyan jiki ba? Gaskiya ne. Amma littafin da ya ba da labarin Daniyel shi ne ya ba da na Ayuba, wanda ya rame har ƙashi yana cikin amincinsa, abokansa uku kuwa suka dubi jikinsa suka tabbata akwai laifin da yake ɓoyewa. A ƙarshen littafin abokan ne aka tsauta wa. Abin da ya faru da Daniyel alheri ne da aka yi masa a Babila, ba awo ne da aka ba dattawan ikilisiya su riƙa gwada mutane da shi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya, gama masu yin ta ba magulmata ba ne, mutane ne masu kishi. Sananne ne cewa wanda ya bar giya kwanan nan yakan kamu da kwaɗayin zaƙi. Mutumin da dā ba ya kula da alewa, yanzu ga shi kullum a teburin mai shayi yana cewa a ƙara sukari, ga rake, ga lemun kwalba, ga kunun zaƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin da barasa take sosa wa mutum a ƙwaƙwalwa har ya ji daɗi, zaƙi ma yana taɓa wurin, ƙwaƙwalwar da aka hana abin da ta saba kuwa sai ta nemi mafi kusa. Ga kuma yamma da ta zama fanko, gama sa'o'in da dā ake kashewa a gidan giya yanzu ba abin yi. To, masu kishin nan sukan ce, wannan ai ya sāke ubangida ne kawai, dā bawan ƙoƙo ne, yanzu bawan ciki. Zari zunubi ne kamar buguwa, me ya sa za a tsawata wa ɗaya a kau da kai ga ɗaya?

Maganar tana da ƙashi, ba za a yar da ita ba. Amma ta manta da bambancin ɓarnar. Ba a taɓa jin wanda ya sha shayi kofi uku ya koma gida ya doki matarsa ba, ko ya sayar da damin dawa da damina don rake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ne barasa ta yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2019 kaɗai. Wanda gidansa yake cin wuta, in ya tattake shukar maƙwabci garin ɗebo ruwa, ba a tsayar da shi a yi shari'ar shuka sai wutar ta mutu. Ƙungiyar nan ta mashayan da suka bari, wadda ake kira AA, da Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, ta gane wannan tun da wuri. A littafinsu na 1939 har sun ba da shawara mai fama ya ajiye ɗan abin zaƙi kusa, don ya taimake shi sa'ad da sha'awar giya ta taso. Mutumin da aka ɗora wa barin giya da barin sukari da rage tuwo duka a wata ɗaya, sau da yawa yakan zubar da kayan gaba ɗaya, abin da zai fara komawa gare shi kuwa ba sukarin ba ne.

Duk da haka haƙurin nan yana da iyaka, tarihin Bill Wilson kansa ya nuna haka. Ya bar giya a ƙarshen 1934 bai ƙara komawa ba, amma ya riƙe taba, ciwon huhu ne kuwa ya kashe shi a 1971. Sandar da gurgu ya dogara da ita yana jinya, in ƙafa ta warke ya kamata a jingine ta. Don haka in shekara ta kewayo, mutum ya kafu, barcinsa ya daidaita, ƙibar kuwa tana ta hauhawa, daidai ne aboki na kusa, ba taron jama'a ba, ya zauna da shi su yi maganar lemun kwalba da yawan sukari, a kuma auna jininsa. Wanda likita ya riga ya ce yana da ciwon sukari kuwa, shi ba zai jira shekara ba, nasa tsarin dabam ne tun daga ranar fari.

Kwanakin farko su ne masu hatsari, a nan ne kuma ake bukatar mutane fiye da ranar shaida. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya, cikin yini guda hannunsa yakan fara karkarwa, zufa ta karyo, barci ya ƙaurace. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, wasu su ruɗe suna ganin abin da babu. Wannan ba iskoki ba ne suke ramuwa don an bar su, kamar yadda tsofaffi sukan ce, ba kuwa alamar rashin bangaskiya ba ce. Ciwo ne da yake iya kisa, a asibiti kuwa akwai maganin da yake kwantar da shi, tare da allurar bitamin B1 da take tsare ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan sha, gara ya ga likita kafin ya bari. Kuskure ne babba a sa shi azumi a wannan mako don a nuna ƙarfin tubansa. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a jeji, abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, magana kuwa sai daga baya a Horeb.

Aikin da ya rage wa 'yan'uwa ke nan, ba kuwa mai tsada ba ne. Matar gida ta ga ya ci sau uku a rana a kan lokaci, tuwo da miyar ganye, wake, gyaɗa, ƙwai ko nono in da hali, gama yunwa da gajiya da kaɗaici su ne suke jan ƙafa zuwa tsohuwar hanya. In ita ce dā take dafa burkutun tana samun na sabulu, zumuntar mata su duba mata wata sana'a, ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Maza kuwa su raba kwanakin mako a tsakaninsu, a sami mai zuwa ya zauna da shi daga la'asar zuwa bayan cin tuwon dare, ranar kasuwa kuma a sami mai raka shi ya komo da shi.