Jinkirin Igamar Baƙon Malami: Ƙaddara Ce Ko Zalunci?

Malamin da wata makaranta a Riyad ko Jidda ta ɗauko daga Masar, Pakistan ko Najeriya yakan sauka da bizar aiki a fasfonsa, amma aikin biza ya ƙare da zarar an buga masa hatimin shiga. Abin da zai zauna da shi shi ne igama, kuma ba shi ke nemanta ba, makarantar da ta tsaya masa a matsayin kafili ita ke nema. Dokar Saudiyya ta ba mai ɗaukar aiki kwana 90 ya fitar da ita, kuɗinta ma a wuyansa yake. Kafin katin ya fito, malamin nan kullum yana gaban allo, yana maka jan biro a littattafan yara, amma ba zai iya ɗauko iyalinsa ba, in aka bugo waya cewa mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah ba shi da bizar fita da dawowa. A Sin ma kusan haka abin yake: mai bizar aiki ta Z yana da kwana 30 ya nemi izinin zama, wanda kuma aka kama yana aiki ba takarda, dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadar masa tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000, in abin ya yi tsanani har da tsarewa. In malamin ya tambayi ofishin makaranta inda aka kwana, amsar ɗaya ce: ana kan aiki, a ƙara haƙuri.

Ra'ayina shi ne ƙasa tana da cikakken iko ta ce wa baƙo a'a, amma ba ta da ikon yi masa shiru marar wa'adi bayan ita ta kira shi. Shari'ar Musulunci ba ta taɓa ɗaukar jinkiri a matsayin abin da ba shi da hukunci ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci, alhali mawadacin bai musanta bashin ba, gobe kawai yake ta cewa. Hujjar da ta fi kusa da batunmu tana cikin babin aure. A Suratul Baƙara, mijin da ya rantse zai ƙaurace wa matarsa an yanka masa wata huɗu, daga nan ko ya koma ko ya sake ta, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali ne zai tsayar da shi ya zaɓi ɗaya. Suratun Nisa'i ta hana a bar mace a rataye, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. A lura, saki halal ne, komawa halal ce, tsakiyar ce aka toshe. Malamin da fasfonsa ke cikin durowar wani jami'i yana wannan tsakiyar: bai zama mazauni ba balle ya kama gida ya natsu, ba a kore shi ba balle ya nemi wani aikin kafin zangon karatu ya wuce shi.

Mai musu zai ce aure daban, iyakar ƙasa daban, kuma yana da gaskiya har wani wuri. To mu koma babin da ya shafi baƙo kai tsaye, wato amana. Suratut Tauba ta umarci a ba mushrikin da ya nemi mafaka mafaka, sannan a kai shi inda zai amince, ba a sake shi a tsakiyar hanya ba. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba da mafaka, Annabi ya tabbatar da ita nan take. A kan haka malaman fiƙihu suka gina hukuncin wanda ya shigo ƙasar Musulmi da amana, suka yi saɓani kan tsawon zamansa, wasu suka ce wata huɗu, wasu suka ce ƙasa da shekara, amma ɓangarorin biyu sun tsaya a kan cewa ya san matsayinsa da ranar ƙarewarsa. In wanda ya fito daga ƙasar abokan gaba yana da wannan haƙƙi, ina ga mutumin da aka aika wa takardar gayyata, aka miƙa masa 'ya'ya ya koyar?

Hujjar hukumomi mafi ƙarfi ita ce bincike, kuma ba abin rainawa ba ce. Ana buga shaidar karatu ta jabu, akwai masu tarihin cutar da yara da ke tsallaka ƙasa zuwa ƙasa, kuma ofishin da ya yi gaggawa ya saki irin wannan mutum cikin aji ya ci amanar iyaye. Amma binciken da ake yi bayan mutum ya riga ya yi wata biyu tare da yaran, wa yake karewa? In ana tsoronsa, kada a bar shi ya shiga aji. In an yarda ya shiga aji, to an riga an amince da shi a kan abin da ya fi katin roba tsada. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi ya sa wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa wa'adin da zai kawo ta. Bincike ma yana da ranar gamawa.

Sai masu cewa ai ƙaddara ce, layi ne ya yi tsawo, ba wanda ya nufe shi da sharri. Haƙuri nasiha ce da ake yi wa wanda abin ya shafa, kuma yana da lada a kai, sai dai bai dace ya fito daga bakin wanda takardar ke hannunsa ba. Rashin mugun nufi yana iya sauke zunubi, ba ya sauke ramuwa. Wanda aka ba ajiya ya yi sakaci ta lalace sai ya biya, ko da zuciyarsa fara ce tas. Kuma tsawon layi shawara ce da wani ya yanke ranar da ake rabon ma'aikata da kasafin kuɗi. A Amurka, mai ɗaukar aikin da ya biya ƙarin kuɗi yakan sami amsa kan takardar bizar aiki ta H-1B cikin ranakun aiki 15, sauran su jira watanni. Abin da kuɗi ke gajartawa, hannun mutum ne ya tsawaita shi.

Ba kuma abin da ya gagara ake nema ba. A Birtaniya, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya ce wanda ya nemi sabunta izininsa kafin ya ƙare, izinin yana nan da sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Saudiyya kanta, a gyaran da ta fara aiki da shi a Maris 2021, ta ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba da yardar kafili ba in aka wuce kwana 90 ba a fitar masa da izinin aiki ba, ko aka yi wata uku a jere ba albashi. Ka'idar duka ɗaya ce, nauyin jinkiri ya hau kan wanda ya yi shi. Inda takarda ke ɗaure da mai ɗaukar aiki kuwa, ko hukuncin da aka yi masa kan malami yake faɗawa. A 2011 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sami hukumar makarantun gundumar Prince George's a jihar Maryland da laifin ɗora wa baƙin malamai 1,044, galibinsu 'yan Filifin, kuɗin da ita ya kamata ta biya. Aka umarce ta ta mayar da dala miliyan 4.2, aka kuma hana ta neman bizar H-1B shekara biyu, sai malaman da izininsu ya ƙare a lokacin suka rasa mai sabunta musu.

Shi ma malami ba a wanke shi gaba ɗaya ba. Wanda ya san bizar yawon buɗe ido ce a hannunsa ya ɗauki alli ya karya sharaɗin da ya shiga da shi, kuma Musulmi ba ya wasa da sharaɗi. Amma laifinsa bai kai na wanda ya fi shi iko da sanin doka ba. Mai makarantar da ya san takardar malaminsa ba ta fito ba, ya ci gaba da tura shi aji yana karɓar kuɗin iyaye, ranar da jami'ai suka zo ya ce bai san zancen ba, shi ne azzalumi na farko a wannan magana, ko a Jidda yake ko a Abuja. Ofishin da ya karɓi fasfo bai faɗi ranar mayarwa ba shi ne na biyu.