Jadawalin Ruwan Noman Rani da Haƙƙin Ganin Ma'auni

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam ya dogara ne ga ruwan da ke gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya kai bakin gona, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ruwan tarayya ba ya isar kowa a lokaci guda, balle idan kachala da laka sun cushe hanya, don haka tilas a sha bi da bi. Duk wanda jadawalin yake hannunsa, to shinkafa da tumatirin manomin da ke can ƙarshen kanal ma suna hannunsa.

Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan mas'ala. Malamai suna kiran rabon amfanin abin tarayya bisa lokaci da muhaya'a, kuma Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya ambaci rabon ruwa da ƙildi. Masu sharhi sun bayyana ƙildi da cewa tukunya ce da ake huda gindinta a cika ta da ruwa, mai rabo ya yi ta ban ruwa har ta tsiyaye, sannan na gaba ya karɓa. Idan kuma aka yi jayayya kan wanda zai fara, sai a yi ƙuri'a. Darajar wannan tukunya ba ta tsaya ga auna lokaci ba, domin ana rataye ta ne a gaban masu haƙƙi, kowa yana ganin girman hujin da idonsa, kuma babu mai iya faɗaɗa shi a ɓoye. Adalci a nan ya haɗa abu biyu, cikar rabo da ikon mai rabo ya tabbatar da cikarsa.

Yanzu da jadawali ke ƙaura daga takarda zuwa waya, tambayar ta dawo da sabuwar kama. Ƙungiyar masu amfani da ruwa da ta so tsara kwanakinta da manhaja tana da zaɓi biyu. Tana iya miƙa sunayen mambobinta ga kamfanin da ke ajiye su a wata ƙasa, wanda ba ya nuna yadda manhajarsa take lissafi, kuma yake da ikon ƙara farashi ko rufe hidimar ranar da ya ga dama. Tana kuma iya ɗaukar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda aka bayyana rubutun umarnin da aka gina ta da shi don kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, ta girka ta a kan sabar tata ta kanta, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan tana amsa wa wayoyin mambobi. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983, kuma lasisin GPL na 1989 ya shardanta cewa wanda ya gyara manhaja ya raba ta dole ne ya bar ta a buɗe, sharaɗin da ya yi kusa da na waƙafi. Nextcloud, wadda ta fito daga Jamus a 2016, tana cikin irin waɗannan, kuma tana da kalandar haɗin gwiwa.

Zaɓi na biyu ya fi kusa da ruhin ƙildi, amma ba kyauta yake zuwa ba. Sabar tana son wutar da ba ta yankewa, da intanet, da wanda zai riƙa sabunta ta yana adana kwafin bayanan a wani wuri dabam, domin ranar da faifan ajiyarta ya mutu babu kamfanin da za a kai wa kuka. Mafi nauyi kuma, hujin tukunya ko yaro yana ganinsa, rubutun manhaja kuwa sai wanda ya koya. Idan mutum ɗaya ne tal a ƙungiya ya iya karanta shi, kuma shi ke riƙe da kalmar sirri, to ɓoyon bai gushe ba, ya dai sauya gida ne, har ma ya fi haɗari saboda mai riƙon yana da gona da 'yan uwa a kan kanal ɗin.

Saboda haka koyon wannan aiki ya shiga sahun farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya musu nauyin ya sauka daga kan saura. Ƙungiyar da ta yi niyyar riƙe sabar tata ta fara horar da matasa daga farkon kanal da kuma ƙarshensa, ta tabbatar manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya sauya rana ko sa'a, sannan ta riƙa buga jadawalin kowane mako a takarda tana liƙa shi a bakin ƙofar ruwa da ƙofar masallaci. Wadda ba za ta iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, allo da alli a bainar jama'a sun fi mata tsare amana.